Ungozomar da Ta Raba wa Garinmu Taurari

A shekarar 1973 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka shafi Hallbera 'yar Torfi. Na farko a Reykjavik ya faru, inda hukumar ƙasarmu Iceland ta amince wa masu girmama allolin kakanninmu su kafa ƙungiyarsu a fili. Wannan bai dame ta ba. Da aka karanta mata labarin a jarida, cewa ta yi ita ba ta san Tor yana jiran takardar izini ba. Na biyun ne ya taɓa ta: an gama fasa hanyar mota ta kan dutse, matan garinmu Selvik suka koma haihuwa a asibitin babban gari. Bayan shekara talatin da huɗu tana karɓar haihuwa, Hallbera ta wanke almakashinta, ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta sa a ƙasan akwati.

Na zo Selvik koyarwa a 1952, aka sauke ni a ɗakin saman gidanta, kuma ban bar ɗakin ba sai da na yi aure. Mijinta ya riga ya tafi da jirgin kamun kifinsa bai dawo ba. Daga ita sai 'yarta Yorunn, mai shekara shida a lokacin. Gidan yana kallon gabas, inda duwatsu biyu suka rabu suka bar faffaɗan gibi a tsakaninsu. Ta wannan gibin taurari suke shigo mana.

Duk yaron da Hallbera ta karɓa Uwar Haske yake ce mata, kamar yadda ake ce wa kowace ungozoma a wurinmu. Amma ita tana da wani aiki da sauran ba su da shi. Idan jariri ya yi kukan farko, ta yanke cibiya, ta miƙa shi ga uwarsa, sai ta ja mayafinta na ulu ta fita waje, ta fuskanci gibin. Babban tauraron da ya fara leƙowa daga bayan dutse, shi ne na yaron, kuma kowane tauraro yana da mai shi a cikin allolin dā. Ukun nan da suke jere, mazarin Frigg ne, matar Odin. 'Ya'yansu, in ji ta, ba sa faɗin duk abin da suka sani. Jan nan da ke cikin tarin taurarin da muke kira bakin kyarkeci na Tir ne, wanda ya sa hannunsa a bakin dabbar don a cika alkawari. Kaza da 'ya'yanta na Freya ne. Akwai wani ja mai ƙiba da ta ba Tor, ta ce duk ɗansa yana da saurin fushi da saurin huce. Wasu sunayen daga kakarta ta ji su, wasu kuwa ita ta haɗa da kanta, kuma ba ta taɓa ɓoye wanne ne wanne ba. Wutar Loki, wato babban farin nan mai ƙyalƙyali, can ƙasa ta kudu take bi, ba ta taɓa zuwa gibin ba. Saboda haka Loki, sarkin ɓarna da makirci a cikin alloli, bai samu ɗa ko ɗaya a Selvik ba, ko da yake duk wanda ya yi koyarwa a garin zai yi shakkar hakan.

Ranar Lahadi tana zuwa coci kamar kowa. Wani fasto da aka kawo mana ya taɓa tambayarta yadda take haɗa biyun. Ta ce masa: "Kai kake musu baftisma, ni adireshi kawai nake ba su a sama."

Tana da littafi mai baƙin bango, kowane yaro da shafinsa: suna, rana, sa'a, tauraro, da mai tauraron. Idan yaro ya cika shekara bakwai, sai ta kama hannunsa wata yamma ta hunturu, ta nuna masa nasa. Na ga manyan masunta, masu gemu har ƙirji, suna ɗaga kai su nemi nasu kafin su kwance igiyar jirgi. Ba su ce yana kare su ba. Sun ce dai mutum yana jin daɗi ya ga wani abu nasa yana nan inda ya bar shi.

Doka biyu take bi. Ba ta rubuta abin da ba ta gani da idonta ba, kuma dole a ga tauraron kafin cibiyar jariri ta faɗi. Wanda aka haifa da rana tsaka a hunturu ba shi da matsala, duhu yana nan tafe bayan sa'a biyu ko uku. Idan hadari ya rufe sama, a jira gobe ko jibi. Matsalar ta 'ya'yan bazara ce. Daga watan Mayu zuwa farkon Agusta samanmu ba ta yin duhu. Kakar Hallbera ta gaya mata cewa a waɗannan watanni taurari ba sa nan: ana kora su can bayan duwatsu su yi kiwo, kamar yadda muke sakin tumakinmu idan ciyawa ta fito, sai da kaka a tattaro su a dawo da su gida. Hallbera ta yarda da wannan kamar yadda ta yarda da sunanta. Shafuka arba'in da bakwai a littafinta suna ɗauke da suna da rana da sa'a, ƙasansu kuwa fari fat. Ɗaya daga cikinsu na Yorunn ne, wadda aka haifa ranar ashirin da ɗaya ga Yuni, da ƙarfe shida na safe.

Ina cin busasshen kifi da man shanu a kicin ranar da yarinyar ta yi maganar. Ta cika bakwai tun bazara, hunturu ya shigo, ta ga an kama hannun sa'o'inta ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ga su nan birjik. Ki ba ni wanda ba shi da kowa mana."

"Ba nawa ba ne, balle in yi kyauta da su."

"Ko ƙarami. Ko wanda ba a gani sosai."

"Ranar da kika zo sun tafi kiwo, 'yata. Ni ce na fita na duba, jinin haihuwarki bai ma tsaya ba."

"To ki rubuta kawai. Wa zai sani?"

"Ni."

Yorunn ta ajiye cokalinta ta hau sama. A makaranta yara suna kiran irinsu 'yan farin shafi. Sauran ba su damu sosai ba, domin iyayensu ba su ne masu littafin ba. Ita kuwa kullum tana ganin littafin a kan kantar kicin, kusa da gwangwanin kofi. Ba ta sake roƙo ba. Tana da shekara goma sha tara ta tafi Reykjavik, ta samu aiki a ofishin wayar tarho. Wasiƙunta suna zuwa sau ɗaya a wata, tsaf da su, babu kuskure ko ɗaya, kuma babu komai a cikinsu sai labarin iska da ruwan sama.

Ba zan ce Hallbera ba ta yi ƙoƙari ba. Wata shekara wani tsohon bakaniken jirgi mai suna Grimur ya gaya mata cewa ya ji a ƙasashen waje mutum yana ganin taurari da rana idan ya shiga rijiya mai zurfi. Ba mu da rijiya, ruwanmu daga dutse yake gangarowa. Amma muna da bututun hayaƙin tsohuwar masana'antar kifi, wadda aka rufe tun da kifin ya ƙaurace mana. Ranar haihuwar Yorunn, kafin shida na safe, Hallbera ta rarrafa ta ƙofar da ake kwashe toka, ta kwanta rigingine a gindin bututun. Ni da Grimur muka tsaya a waje muna riƙe mata kofi. Ta yi sa'a guda a ciki.

"Uwar Haske, kina da rai?" in ji Grimur. "In kin mutu ki faɗa, in je in sha kofin nan tun da zafinsa."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Muryarka tana kakkaɓo mini toka a ido."

Da ta fito, baƙi ƙirin tun daga gashi har takalmi, na tambaye ta abin da ta gani. Ta ce wani ɗan farin faifai can nesa, kamar bakin kwalba, da tsuntsun teku guda da ya gitta sau biyu. Ta ce a can ciki ta ji kamar ita ce a sama tana leƙen ƙasan wani tafki na madara. Ta karɓi kofin ta shanye. "Kakata ta yi gaskiya," in ji ta. "Ba sa nan."

Haka maganar ta kwanta har shekarar da hanya ta zo. A wannan kakar yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta aiko a kira ni, ta tura mini littafin a kan tebur, ta ce in kwafe mata shi da rubutu mai kyau, domin nata ya yi kama da sawun kaza a dusar ƙanƙara. Ta kuma ce kada in bi shi da kwanan wata. In tara 'ya'yan kowane tauraro wuri ɗaya, tana so ta ji su a jere kamar 'yan gida guda. Muka ɗauki hunturun muna yi. Ina karantawa, tana saƙa, wani lokaci ta tsayar da ni ta ba ni labarin haihuwar, wace uwa ce ta zagi mijinta, wane uba ne ya suma a bakin ƙofa.

Muna kan 'ya'yan Frigg abin ya faru. Na karanta wanda aka haifa a ƙarshen Nuwamba, mazarin ya leƙo da goma da rabi. Na karanta wata ta ƙarshen Disamba, takwas da rabi. Na karanta tagwayen Janairu, shida da rabi. Ƙarar alluran saƙarta ta tsaya.

"Malam, maimaita mini ukun nan."

Na maimaita.

Kowa a Selvik ya san taurari suna sammako yayin da hunturu yake tsufa; ba sabon labari ba ne. Amma ba wanda ya taɓa jera mata sa'o'in a kunne ɗaya bayan ɗaya. Ta fara ƙirgawa a kan ƙullin saƙarta. Sa'a biyu kowane wata. A Fabrairu huɗu da rabi, in ji ta, rana ba ta faɗi ba, ba a ganinsa, amma ba wanda zai ce mazarin ya tafi kiwo a Fabrairu, tunda da duhu ya yi ga shi can sama ya riga ya yi nisa. To a Maris fa? A Yuni fa? Ta juya fuskarta wajen taga.

"Tunkiya ba ta bin agogo," in ji ta a hankali. "Waɗannan suna bi. Ashe suna nan suna wucewa ta gibin, ana ta haihuwa a gabansu, haske ne ya tsaya a tsakani. Shekara ashirin da bakwai yarinyar nan tana da tauraro."

Sauran lissafin ba shi da wuya. Wata shida sa'a goma sha biyu ke nan. Saman da ta tsaya a kan garinmu da shida na safen ashirin da ɗaya ga Yuni, ita ce za ta dawo da shida na yamman ashirin da ɗaya ga Disamba, kuma a lokacin duhu ya riga ya sauka. Na ce mata ai ita da ta san saman nan kamar tafin hannunta, ta san wanda yake fitowa a wannan sa'a. Ta ce biyu ne suke tsere a lokacin, kowanne ta gefensa na gibin, kuma ba za ta yi wa 'yarta canke ba. Dokar cibiya ta yarda ta sauke, domin laifin ba na jariran ba ne. Dokar ido kuwa tana nan.

Disambar shekarar ta riga ta wuce. A ta 1974 dusar ƙanƙara ta yi kwana tara tana zuba, ko gidan maƙwabci ba a gani. Hallbera ta tsaya a ƙofa da shida duk da haka, sannan ta koma ciki. A ta 1975 sama ta wanke tas, har ana jin sanyi yana ƙara a katakon gida. Muka fita tare. Ta ɗaga kai, ta goge ido da bayan safar hannu, ta sake ɗagawa.

"Me kike gani?"

"Kamar an zubar da gari a cikin ruwa. Komai ya narke."

"Bari in duba miki. Idona lafiya lau."

"Idonka na gyaran waƙafi ne, Malam. Ko nawa, ko na mai shi. Juya bayanka."

Na juya. Har yau ban san dalilin da ya sa na yi mata biyayya ba, amma na tsaya ina kallon teku har sa'ar ta wuce.

Washegari ta ce in ɗauko takarda. Ga abin da ta faɗa, na rubuta: "Yorunn, kina da tauraro. Na yi kuskure, kakata ma ta yi. Ni ba na gani yanzu. Ki zo ranar ashirin da ɗaya ga Disamba mai zuwa ki duba da kanki. Ki zo da safa mai kauri." Na ce a ƙara gaisuwa a farko, a kuma sassauta jimlolin. Ta ce in bar su yadda suka fito. Amsar ta zo bayan mako uku, tana cewa an yi iska sosai a Reykjavik, rufin wani gida ya yaye. Wasiƙun sauran watannin ma haka. Hallbera tana sa in karanta mata kowace sau biyu, ko akwai abin da na tsallake.

Hanyar mota ta toshe tun farkon Disambar 1976. Ranar ashirin ga wata jirgin ruwa mai kawo wasiƙu ya shigo, Yorunn ta sauko daga cikinsa da ƙaramar jaka da takalmin birni. Ta sumbaci uwarta a kumatu, ta ce gidan yana warin ulu kamar dā, ta ce ta zo ne domin hutun Kirsimeti. Ba wadda ta ambaci wasiƙar.

Da biyar da rabi na yamman ranar Hallbera ta sa aka fito mata da kujera bakin ƙofa, ta rufa da fatar tunkiya. An kira ni domin in riƙe agogo da fitila. Akwai siririn gajimare a kudu, amma gibin a buɗe yake, duwatsun biyu fari sol a gefensa. Garin ya yi tsit, sai ruwa da yake taɓa ƙafafun gadar tashar jirgi a hankali. Wani koren haske ya taso ta arewa, ya yi lilo kamar labule, ya ɓace. Yorunn tana ta buga ƙafa a ƙasa.

"Na ce ki zo da safa mai kauri."

"Mama, shekarata talatin."

"Ƙafarki ba ta sani ba. Malam, nawa?"

"Shida daidai."

"To kalli gibin, 'yata. Bar na sama, waɗannan sun riga sun shigo. Bakin dutsen za ki bi da ido, daga hagu zuwa dama. Kada ki yi sauri."

Minti huɗu suka wuce, ko biyar. Ni agogo nake kallo, kamar yadda aka umarce ni.

"Ga wani," in ji Yorunn. Muryarta ta sauya, ta koma ƙarama. "Ta hagu, a kafaɗar dutsen. Fari ne."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai. A'a, tsaya. Ga ɗan'uwansa yana biyo shi ta ƙasa."

Ba ta buƙaci a gaya mata sunansu ba. A gidan ta tashi. Idanun Tiyasi ne, wani ƙato mazaunin duwatsu da alloli suka kashe, suka jefa idanunsa sama domin su ba 'yarsa Skadi haƙuri. A littafin Hallbera taurarin nan biyu na Skadi ne, wadda ta auri mai mulkin teku, kukan tsuntsayen gaɓa ya hana ta barci, ta tattara ta bar masa bakin ruwansa.

Yorunn ta yi wata 'yar dariya, tana goge hanci. "Shekara talatin ina jira, ashe idanun mataccen ƙato ne rabona."

"Na Skadi ne. Ita ma bakin tekun bai karɓe ta ba, kuma ba wanda ya ce ta yi laifi." Hallbera ta laluba ta kamo gefen rigar 'yarta. "Da na san ke tata ce, da ban yi shekara goma sha ɗaya ina jin haushin tafiyarki ba."

"Da kin ba ni ƙaramin nan da na roƙa, da wataƙila ban tafi ba."

"Da kin tafi. Ga shi a sama."

Taurarin biyu suka rabu da dutsen suka hau, ɗaya bisa ɗaya. Can Yorunn ta durƙusa ta gyara wa uwarta fatar da ta zame, ta bar hannunta a kan gwiwarta. Sai da sanyi ya fara cin yatsunmu muka shiga. Na buɗe littafin a shafinta na miƙa wa Hallbera alƙalami bisa sabo, ita kuwa ta tura shi gaban Yorunn, ta ce wanda ya gani shi yake rubutawa. Yorunn ta zauna har tsakiyar Janairu, tana karanta wa uwarta jarida, suna faɗa a kan yawan gishirin miya. Bayan ta koma, wasiƙunta suka yi tsawo, har da gogewa da kurakurai.

Hallbera ta rasu a 1981. Kafin nan ta sa na lissafa wa sauran 'ya'yan bazara arba'in da shida watansu da sa'arsu, aka aika wa kowa. Wasu sun zo tana da rai, wasu bayan ranta, wani ma daga Kanada. Yau mutanen Selvik ba su kai saba'in ba, an rufe makarantar, an rushe bututun hayaƙin. Yorunn tana zaune a Reykjavik, tana zuwa gidan kowace Disamba idan hanya ta yarda. Littafin yana hannunta, kuma shafi tara ne suka rage fari.